Kawu da Rijiyar Ɗumi

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, falona bai ɗauki mutane ba. Takalma tun daga bakin ƙofa har matakala, ga ruwan Birmingham yana zuba irin na rashin gaggawa, wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Ina kicin ina juya shinkafa, kunnena yana falo.

Wani tsohon Bafakistane mai shago a Stratford Road ya zo da buhun shinkafa a kafaɗa, ya ajiye, sai ya ce mutumin nan bai taɓa shiga shagonsa ya fita bai gyara masa jeren kaya ba. Ɗaliban jami'a suka zo a ƙungiya daga Edgbaston. Ɗaya ya soma ba da labarin gayyar da Kawu ya taɓa kira, aka yi dariya, ana cikin dariyar sai ya rufe fuska da hularsa. Maƙwabciyarmu mutumiyar Jos, wadda ke aikin jinya, ta taho daga coci kai tsaye, ta ɗaura zane a kan kayanta ta karɓe mini ludayi.

"Je ki zauna, ƙanwata. Yau ke ake yi wa gaisuwa."

"Ba zan iya zama ba."

"To kin gaji Kawu ke nan."

Har Baturiyar nan tsohuwa ta zo, wadda gidanta ke jingine da wurin sallarmu, da furanni a hannu. Ta rasa inda za ta sa su, mu ma muka rasa, ƙarshe a bokitin alwala suka kwana. Ɗan Kawu kuwa, wanda nake kira Yaya, likitan magani ne a Manchester, yana zaune a kusurwa yana amsa gaisuwa da kai. Sau ɗaya na ji muryarsa. Wani ya ce Allah ya sa rijiyar ta zama shaida, sai Yaya ya ce, "Wace rijiya? Ramin da ya kashe shi?"

Saboda wannan magana nake rubutun nan. Kada a wayi gari abin da za a riƙa tunawa da shi kawai shi ne tsohon da ya haƙa rami 'yan sanda suka zo.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya zo ƙasar nan tun ban zo duniya ba, da niyyar karatu, karatun bai yiwu ba, ya kama tuƙin bas har ya yi ritaya. Da aka kawo ni gidan miji a Balsall Heath, shi ne uwa shi ne uba. Bayan rasuwar matarsa ni nake masa tuwo, shi kuma yake kawo mini labarin gari, don ni mutum ce mai son gida. In ba asibiti ba ko wurin sallah, sai in yi wata ban taka titi ba. Yakan ce, "'Yar nan, ke da tukunya ban san wa ya fi wani zama ba." Ni kuma in ce, "Kawu, kai da ƙuda ban san wa ya fi wani yawo ba." Sai ya ce ba ni da kunya, ya miƙo kofi a ƙara masa shayi.

Ba ya zama. Ko abinci yake ci ƙafarsa tana rawa. In ya shiga bas sai ya tsaya kusa da direba yana gaya masa inda ya yi saurin taka birki. Yana da wani ɗaki a gidansa da babu komai sai rigunan sanyi da ya tsinto a shagunan gwanjo. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida da 'yar shadda da takalmi buɗaɗɗe, Kawu zai je tasha ya tarye shi, ya kai shi ɗakin nan ya ce ya zaɓa. "Sanyin garin nan ba ya sallama," in ji shi. "Shigowa kawai yake." Akwai manyan malamai yau a jami'o'in gida da suka yi digirinsu cikin kwat ɗin da Kawu ya ba su.

Amma akwai abin da yake cinsa, kuma duk wanda ya zauna da shi ya sani. Gidanmu a ƙasar Kazaure gidan mahaƙa rijiya ne. Kakanmu ya bar rijiya, ubansa ya bar rijiya, har yau da sunansu ake kiran su. A gidanmu namiji ba ya mutuwa bai bar ruwan da za a sha bayansa ba. Kawu yakan ce, "Na ƙare rayuwata ina zaga gari ɗaya da mota. Ko ramin kurciya ban bari ba." Yaya ya sha ce masa abu mai sauƙi ne, a aika gida a haƙa burtsatse da sunansa. Kawu ya ƙi.

"Inda ka sha ruwa nan kake haƙa rijiya. Ruwan garin nan na sha. Shi ya yi mini furfura."

"To Baba, nan kowa da famfo a gidansa. Wa zai ja guga a Birmingham?"

Nan maganar take tsayawa kullum, Kawu ya tashi ya hau zagaye falo.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Gwamnati ta rage wa council, wato ƙaramar hukumar birnin, kuɗi, council ta hau rufe wurare. Zauren da muke taruwa a Sparkbrook aka sa masa kwaɗo. Da ƙyar mazanmu suka samu hayar wani ƙaramin gini na council, da can wurin renon yara ne, da fili mai ciyawa a bayansa. Nan muke sallar Juma'a, nan yara suke karatun allo ranar Asabar, nan ake suna. Boilar da ke ɗumama ginin ta tsufa, wani ma'aikaci ya zo ya manna mata takarda ya ce kada a ƙara kunnawa. Ɗakin mata shi ne na baya, inda rana ba ta leƙawa. Mukan yi sallah da safa biyu, numfashi yana fita kamar hayaƙi. Tsofaffi suka daina zuwa. Yarana suka fara cewa, "Mum, it's freezing," suna neman dalilin zama a gida.

Wata Juma'a ana shan shayi bayan sallah, wani ɗalibi mutumin Gusau, mai bincike kan harkar makamashi, ya ce abin haushi, ga ɗumi a ƙarƙashin ƙafarmu muna rawar ɗari. Ina bayan labule ina ji. Ya ce ƙasa in an yi zurfi kaɗan ba ta sanyi ba ta zafi, rani da damina. Ana shimfiɗa bututu a ciki, ruwa ya riƙa zagayawa yana kwaso ɗumin, wani inji kamar firji da aka juya ya tura shi cikin ɗaki. In zafi ya zo kuma ya sanyaya.

Na ji an ajiye kofi da ƙarfi.

"Maimaita, ɗana."

Ya maimaita.

"Ai rijiya ke nan," in ji Kawu. "Ba ka taɓa jan ruwa da sassafe lokacin ɗari ba? Da ɗuminsa yake fitowa, har tururi yake. Rijiya ce, sai dai ɗumi ake ja maimakon ruwa."

"Haka ne, Baba. Amma sai an nemi izini. Filin na council ne, kuma kamfani mai rajista ne kawai…"

"Izini a haƙa rami?"

Ban ƙara ganin Kawu a zaune ba tun daga ranar. Ya auna filin da ƙafa, ya auna da igiya. Ya sa ɗalibin ya zana masa yadda ramukan za su kwanta, dogaye kamar kunya a gona. Yaron nan, Allah ya sani, ya faɗa ya ƙara faɗa cewa a jira. Amma wa zai ce wa Kawu a'a, alhali kwat ɗin da ke jikinsa na Kawu ne? Lissafin Kawu shi ne, abin da ya fi tsada haƙa ne, haƙa kuwa mu ne 'ya'yanta. In aka gama ramuka, sai a je wa council da aikin da ya yi rabi, kunya ma ta sa su amince.

Sai ya kira gayya.

Yadda ake yi a gida, haka ya yi. Ya bi gida gida, ya ce ranar Asabar kowa ya fito da abin haƙa. Mu mata aka ce mu yi tuwo da kunu. Na dama kunun gyaɗa a babbar tukunyar suna. Da hantsi filin nan ya cika: masu digiri, masu gadi, direbobin tasi, kowa ya naɗe riga ya ɗaure a ƙugu, da shebur sababbi fil masu takardar farashi a jiki. Kawu ya yayyafa garin fulawa ya fitar da layi. Ya sa aka tsaya sahu, aka ɗaga hannu, Liman ya yi addu'a, aka shafa. Shi ya fara sara.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Yana tsalle daga wannan rami zuwa wancan, yana tsokanar mutane.

"Dakta, ba alƙalami ba ne, riƙe shi da hannu biyu."

"Baba, bayana ne."

"Bayanka bai hana ka cin tuwo ba."

To ku dubi lamarin da idon Baturiyar maƙwabciya. Ta leƙo ta taga, ta ga maza cikin dogayen riguna sun yi sahu sun yi addu'a, sun hau haƙa rami mai tsawo, mata a gefe da manyan tukwane. Me za ta ce? Kafin azahar motar 'yan sanda ta tsaya a bakin ƙofa.

Ɗan sandan ya cire hula don ladabi, ya tambaya a hankali wane ne ya rasu. Kawu yana cikin rami zuwa ƙugu, laka har gemu. Ya ɗago ya amsa masa da Turancin direbobin bas, ya ce, "Babu wanda ya mutu tukuna. Shi ya sa muke sauri."

Aka tsayar da aiki. Tuwon dai an ci, har 'yan sandan an zuba wa.

Ranar Litinin wata ma'aikaciyar council ta zo, yarinya ce ba babba ba, idanunta duk gajiya. Ina wurin, na je kwashe tukwane. Ba ta yi faɗa ba. Ta kira Kawu bakin rami na biyu, ta tsuguna, ta share ƙasa da hannu, ta nuna masa wani kirtani rawaya da ya fara leƙowa. Ta ce ƙarƙashinsa bututun gas ne da ke ba layin gidajen nan duka. Saran diga kaɗan ya rage. Ta ce shi ya sa ake da doka: sai an duba taswirar abin da ke binne, gas da lantarki da magudana, sai an san inda ruwan ƙasa yake don kada a ɓata shi, sai mai filin ya yarda a rubuce, sai masu rajista sun yi aikin. Ta ce a cike ramukan, kuma ba za ta ɓoye mana ba, abin da aka yi ya isa a karɓe ginin.

Kawu ya daɗe yana kallon kirtanin nan. Sannan ya ce da Hausa, ba da ita yake ba, "A gida ƙasa ba ta da hanji."

Ya juyo ya ce mini, "Yarinyar nan da gaskiyarta."

Rigimar da ta biyo baya ba ta da daɗin faɗa. Ɗalibai suka tsorata, kowa yana tunanin bizarsa, sunansa ya shiga littafin 'yan sanda ko bai shiga ba. Liman ya ce tsufa ba hauka ba ne, mutum ɗaya zai jawo a rasa wurin sallah. Yaya ya taho daga Manchester a fusace, a falona suka yi ta.

"Baba, da ka tashi unguwa guda da wuta fa?"

"Na sani."

"Ka tattara ka dawo wurina. Ɗaki yana nan, da hita, da komai."

"Ɗumin haya."

"Ko na haya ne ai ɗumi ne."

"Matan da ke ɗakin baya fa? Su ma in kwaso su zuwa Manchester?"

Yaya ya ce zai biya a zo da mota a cike ramukan. Samari ma suka ce za su zo. Kawu ya hana kowa. Ya ce, "Ana kiran gayya a haƙa. Ba a kiran gayya a cike." Shi kaɗai ya mayar da ƙasar nan, shebur bayan shebur, cikin yayyafi, a farkon sanyi. Nakan kai masa shayi a fulas in tsaya ina masa magiya. Baturiyar da ta kira 'yan sanda, kunya ta ishe ta, ta riƙa miƙo masa biskit ta kan katanga. Kafin ya gama sun zama abokai, har ya gyara mata ƙyauren lambu. A nan ya samo tarin da bai rabu da shi ba. Wannan ita ce maganar Yaya, kuma ba zan ce ƙarya yake ba.

Ba a karɓe ginin ba. Aka ja mana kunne kawai. Mutane suka ce to Alhamdu lillahi, magana ta mutu. Ba su san Kawu ba.

Ya ce tunda ƙofa ake bi, zai bi ƙofa. Da sunansa aka shigar da neman izini, don kwamitin masallaci kowa ya noƙe. Ɗalibin Gusau ya taya shi, aka ce yanzu ba dogayen ramuka ba, rami ɗaya mai zurfi za a huda da inji, nesa da bututun gas. Kawu ya ji daɗin wannan. Ya ce dama rijiyar gaskiya ƙasa take yi, ba kwance ba.

Daga nan ya koma ɗan ofis. Yana da katin shiga bas kyauta na tsofaffi, ya mai da shi abin aiki. Sai dai lokacin ma'aikatan ma ana ta sallamarsu. Teburin da ya je wancan makon, wannan makon babu kowa. Sashen da ke duba fili an haɗe shi da wani, wanin an mai da shi wani gini. In ya buga waya sai a sa masa kiɗan jira. Ya ji kiɗan nan har ya haddace, yana wanke hannu yana rera shi, yarana suna taya shi. Rannan ya shigo mini jikinsa a sanyaye.

"Yarinyar nan da ta nuna mini kirtani, an sallame ta."

"Wadda ta tsayar maka da aiki?"

"Ita. Tana da ƙaramin yaro. Yi mini dambun nama in kai mata."

Na yi. Ya nemi inda take ya kai. Ita ce ma ta gaya masa wane ofis zai bi da kuma abin da zai ce.

Sanyi ya wuce, wani ya zo. Muna ɗakin baya da 'yar hita mai ƙafa da ke ɗumama mutum biyu na gaba. Kawu ya rame, tarin ya koma ƙirji. Likita ya ce ya zauna a gida. Ya ce to, washegari aka gan shi a tashar bas. In na yi masa faɗa sai ya ce, "'Yar nan, ni ba lokaci gare ni ba. Su suna da shi, ni ba ni da shi."

A babban asibitin Edgbaston ya yi kwanakinsa na ƙarshe. Na je da rana da kunu, bai iya sha ba. Yaya ya fita amsa waya. Kawu ya kamo bakin mayafina.

"An amsa?"

Yaya ya riga ya roƙe ni a waje, in ya tambaya in ce an amsa, ya tafi da farin ciki. Na buɗe baki da niyyar haka. Amma mutumin da ya cike raminsa da hannunsa don an nuna masa gaskiya, ban ga yadda zan sallame shi da ƙarya ba.

"Ba a amsa ba, Kawu. Ba a kuma hana ba."

Ya rufe ido. Ƙafarsa tana motsi a ƙarƙashin bargo.

"To ba a hana ba," ya ce.

Ranar sadakar bakwai Yaya ya sanar cewa zai haƙa burtsatse a garinmu da sunan mahaifinsa. Kowa ya ce madalla, ni ma na ce, don alheri ne kuma mutanenmu suna bukata. Amma na koma kicin na kasa tsayawa wuri ɗaya. Na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Bayan 'yan makonni ɗalibin Gusau ya zo ya ce council sun yi magana. Tunda mai neman ya rasu, neman zai faɗi, sai in wani mazaunin unguwar ya karɓa da sunansa, ya je a gan shi. Aka faɗa a masallaci. Liman ya ce a bar kaza cikin gashinta, kada a tuna musu da mu. Ɗalibai suka dubi ƙasa, kuma ban ga laifinsu ba, baƙi ne masu tafiya. Maigidana yana aiki dare da rana. Yaya ba a garin yake ba.

Na kwana biyu abin yana cina. Rannan na ɗauki mayafi na buga wa mutumiyar Jos ƙofa.

"Maƙwabciya, raka ni council."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Kin san lambar bas ɗin ma?"

"Shi ya sa na zo."

Muka je. Wani mutum mai sanƙo ya karɓe mu, ga takardu jibge a gabansa har sun kusa rufe shi. Maƙwabciyata take fassara. Ya ce in sani abin zai iya ɗaukar shekaru, kuma ƙarshe ana iya cewa a'a. Ko an ce e, sai mun nemo masu hudawa da abin biyansu. Ya ce za a riƙa kirana, wani lokaci in zo in zauna yini guda ba a gan ni ba. Na ce ta gaya masa na ji. Ya tambayi sunana, na faɗa, na sa hannu yadda na iya.

Da yamma Yaya ya bugo daga Manchester, labari ya kai masa.

"Ƙanwata, me kika jawo wa kanki? Abin da ya gagari Baba? Ke ko Turancin ba ki iya ba."

"Ban iya ba."

"To da me za ki yi?"

"Yaya, abin nan jira yake so. Kawu bai iya zama ba. Ni kuwa duk dangi an shaida na iya."

Can ya ce, in an sa rana in gaya masa, zai shigo jirgin ƙasa.

Har yau ba a amsa ba. Na je sau da dama, yanzu ni kaɗai nake hawa bas ɗin, da fulas ɗina da carbi.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa gaggawarsa, ka rubuta masa ladan rijiyar da ya yi niyya. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba a duniya. Mu kuma ka ba mu tsawon rai mu ga ranar da inji zai tsaya a filin nan.